Buɗe Baki In Gani

Mutanen layin sukan ce, in ana neman mijin da ya iya jinya, a leƙa gidan Kafinta. Tun da aka gano matarsa, Uwar Biyu, tana da kansar jini, shi ke miƙa mata ƙwayar da likita ta rubuta, wadda aka ce kai tsaye take bin cutar. Da hantsi wayarta kan yi ƙara don tuni, sai ya ajiye zarto ya shigo da kofin ruwa.

Maƙwabcinsu Direba ma irin ƙwayar yake sha, ga shi ya murmure har ya koma kan mota. Ita kuwa da fari ta ɗan farfaɗo, daga baya ta soma zubewa. Dasashinta na jini, fuskarta kamar an shafa mata toka.

"Baban Biyu, mu koma a sake auna jinin nan. Jikina yana gaya mini wani abu."

"Jikin naki ya fi likita sani ne? Dubi Direba, wuya kamar na sa! Cuta ɗaya, magani ɗaya. Ke dai faɗi gaskiya, ina kike ɓoye shi?"

Ta dube shi kawai.

Daga ranar, in ta haɗiye sai ya ce, "Buɗe baki in gani. Ɗaga harshe." Takan buɗe, hawaye na gangarowa. Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce. Ya ce ba zai kai ta ta kunyata shi ba sai ta gyara hali.

Sai da ta yanke jiki ta faɗi a bakin ƙofa aka kwashe ta. Likita ta duba sakamakon gwaji, ta juyo wajen Kafinta.

"Malam, cutar ta canja kama, ƙwayar nan ta daina cin ta. Yakan faru da wasu. Da an zo da wuri, akwai wata da za mu gwada."

Uwar Biyu ba ta ƙara kwana a ɗakinta ba, a asibitin ta rasu.

Da masu gaisuwa suka watse, Kafinta ya rufe kansa a ɗakin, don har yanzu zuciyarsa ba ta yarda cewa ta sha maganin ba. Ya zazzage matashi, ya farke katifa, ya kwance gadon da ya ƙera da hannunsa, yana ƙwanƙwasa kowane katako. Ko ƙwaya ɗaya bai samu ba.

Yana zaune cikin tarkacen, sai wayarta ta ɗauki ƙara a kan taga. Hantsi ya yi. Bai san sa'ad da ya cika kofi ba, sai ganin hannunsa ya yi a miƙe wajen kujerarta. Katifar da ya farke ta wangame masa baki, audugarta a waje, babu komai a ciki.

"Na gani, Uwar Biyu," in ji shi. "Kin sha. Wallahi kin sha. Ki yafe mini."

Wayar ta ci gaba da ƙara, babu mai kashe ta.

Jama'a, ƙwayar ɗaya ce, amma jiki ba ɗaya ba ne. In majinyaci bai samu sauƙi kamar wani ba, kada a tuhume shi. A mayar da shi wurin likita a sake gwaji tun da sauran lokaci.