Kwalli a Gorar Ruwa

Gorar ruwa ta farko da Jamilatu ta tuttular a kwata, babu wanda ya kula. Sai da ta kai ta ashirin mutanen unguwar Sabo suka taru a ƙofar shagon sayar da ruwan. Ba a san ta da fita ba, sana'arta daga ɗaki take yi.

Sati uku ke nan 'yarta Nana Firdausi na fama da amai da ciwon ciki, haka ma yaran maƙwabta. Jamilatu ba ta tsaya kame-kame ba. Ta ɗauki gora ɗaya daga shagon nan da duk layin ke sayen ruwa, ta kai ɗakin gwaji. Takarda ta fito da baƙuwar kalma: antimoni. Aka ce mata daga jikin robar yake tsatsowa in gorori suka daɗe suna gasuwa a rana.

Da aka nemi fassara, Malam Yusha'u, limamin layin, ya buɗe tsohon ƙamus ya yi dariya. "Kwalli ne fa! Wanda iyayenmu ke rambaɗawa a ido. Shi ne abin tayar da hankali?"

Jama'a suka saki jiki, har da masu cewa ruwan zai ƙara musu gani.

"Malam, ido ake sa wa," in ji Jamilatu. "Ka taɓa ganin wanda ya dama ya sha?"

Shi ya sa yau ta fito, gyale ɗaure a ƙugu. Ba ta tambayi kowa hanya ba, ta haye saman bene inda aka jibge gorori wata biyu cur a rana, ta dinga sauko da su. Abdulsalam mai tsaron shago, wanda ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kan kayan, ya koma gefe ya harɗe hannu.

"Wahala kike nema, abi?" in ji wata maƙwabciya. "An ce mai shagon nan wani babban Alhaji ne a can unguwar Ojoo. Wallahi sai ya ɗaure ki."

"Ya zo," in ji Jamilatu.

Ta ci gaba da tuttularwa, ko gora ɗaya ba ta bari ba. Tana gamawa Malam Yusha'u ya tare ta, ya ce dole ta ba mai shago haƙuri a gaban jama'a. Ya umarci Abdulsalam ya buga masa waya yanzu-yanzu.

Abdulsalam ya ciro wayarsa, ya danna lambar mai shago.

Wayar da ke ƙulle a haɓar zanen Jamilatu ta fara ƙara.