Daga Hagu Ake Farawa

Bayan la'asar Asama'u ta fito ta iske Khalilu a ƙofar gidan mahaifinta, rungume da jitar bas mai tsirkiya huɗu. Wata biyar ke nan yana koyon wata waƙar rok daga takarda mai layi huɗu, wadda lambobinta ke nuna masa inda zai danna. Ya ce sai ya iya waƙar, makaɗan Kano sun ɗauke shi, sannan zai turo magabatansa neman aurenta.

Ta tsaya tana kallon yatsansa yana bin lambobin. Ɗan malamai ne, da allo ya tashi, don haka daga dama yake karantowa.

"Malam Khalilu, ai daga hagu ake farawa," in ji ta a hankali.

Ya daɗe yana duban takardar. "Shi ya sa ba ta taɓa yin kama da wadda nake ji a waya ba. To, ƙara mini wata uku, ƙanwata."

Asama'u ta gyara mayafinta. Ko fushin ma ta gaji da yi.

"Baba ya ce Juma'ar nan ko ka turo, ko ya amsa wa masu nemana daga Kunci. Ni kuwa ban roƙe shi ƙari ba."