Labulen buhun dawa

A shekarar da fari ya cinye shanunmu, Baba yana kwance gidan likita a Damagaram, aka aiko mana garinmu Yekuwa cewa ya sami sauƙi, yana nan tafe.

Inna ta farke buhunan dawar taimako, ta kai marina aka tsoma su a shuni. Ran nan bayan azahar ta zauna bakin ɗakin Baba tana ɗinka labule da zare da allura. Ni kuma ina cusa audugar rimi a matashin da ta yi da tsohon zanenta.

Na ce, "Inna, ai Baba zai gane buhu ne."

Ta ce, "Ya gane mana. Ni dai kada ya tarar da ɗakin yadda ya bar shi yana ciwo. Cusa da kyau, bayansa ba nama yanzu."

Ba ta gama kalmasa bakin labulen ba ta rataya shi, don mu shiga ciki mu ga yadda zai yi. Ɗakin ya yi sanyi, ya cika da warin shuni. Ta yi dariya, rabona da jin dariyarta tun tafiyar Baba.

Sai muka ji sallama. Kawu, ƙanen Baba da ke jinyarsa, shi ya fara ɗaga labulen nan. Shi kaɗai ya dawo, yana riƙe da hular Baba da butarsa.

Labulen yana wurina yanzu. Allurar ta yi tsatsa a inda Inna ta soke ta, kuma har yau ban iya zare ta ba.