Ɗinkin Maratayin Ƙaho

Bayan la'asar ne, a ƙofar gidanmu can wajen Jahun. Babana maharbi ne, ranar yana sa wa ƙahon albarushin kakana sabon maratayi. Ya jiƙa fata, ya ɗaura a wuyan ƙahon, wai in ta bushe za ta kama da kanta. Har yau ina jin warin jiƙaƙƙiyar fatar nan da ƙaurin albarushi.

Ya ce, "Kai, miƙe tsaye."

Ya rataya min, ƙaho ya sauka har gwiwata. Ya fashe da dariya. "Ku ga maharbi, ƙaho zai kayar da shi!"

Bai yanke rarar fatar ba. Ninke ta ya yi, ya ɗinke daidai tsawona.

"Ran da ka isa bina daji, da hannunka za ka farke ɗinkin nan."

Na ce, "To, Baba."

Ban bi shi ba. Dutse na taho, na kama tuƙin adaidaita. Bai taɓa yi min gori ba har Allah ya karɓi abinsa.

Ƙahon yana ɗakina. Jiya na rataya shi, ya tsaya min a hammata. Ɗinkin yana nan yadda ya bar shi.