Zanen da Ya Wuce Sau Biyu

Kawun maigidana ne ya ba da wannan misali, ran da ya zo mana wuni ya ji maigidan nawa yana cewa bana ma ba zai samu zuwa ƙauye ba. Ni ba da ni ake ba, ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, kunne ne ya ɗauko mini. Ban iya jera magana kamar shi ba, amma ga yadda na riƙe.

Ya ce an yi wani masaƙi a wani gari inda kowane gidan masaƙa yake da shaidarsa a jikin zane, ta yadda ko ɗari aka baza a kasuwa, ɗan garin zai nuna ya ce wannan na gidan wane ne. Masaƙin nan ɗansa ɗaya ne namiji. Da yaron ya yi boko ya samu aikin ofis a birni, sai zuwansa gida ya koma gaisuwar tsaye. Ko rumfar saƙa ba ya zama, wai kada auduga ta hau masa riga. Uban ya rasu, ya je aka yi sadakar uku, ya juyo. Shekaru suka yi ta tafiya har 'yarsa ta fari ta isa aure. Ita kuwa ta ji a bakin gwaggonta cewa akwai saƙar kakanta a gidan tarihin birnin. Sai ta roƙi ubanta ya kai ta ya nuna mata, don ta ɗauki hoto ta ba wani masaƙi ya yi mata irinsa, ta tafi da shi ɗakin miji. Ba ta taɓa ganin kakan ba, wannan kaɗai take so nasa. Uban ya yi dariya, ya ce ai shi ko ido rufe ya san saƙar gidansu.

Ranar Asabar suka fita tun da hantsi. Suka fara da wani gida da ake rataye zane-zanen fenti, hotunan kasuwa da na masu tallar nono, yana gaba yana yi mata bayani bakinsa ba ya ko sarƙewa. Bayan azahar suka shiga gidan tarihi. Ɗakunan da sanyi, da warin tsohuwar fata. Suka wuce takubba, suka wuce tambura da randuna, har suka iso bangon da aka jera zannuwa bakwai a bayan gilashi. Takardar da ke ƙasa sunan garinsu kawai ta ɗauka, ba sunan mai saƙa. Mutumin nan ya taka har ƙarshen bangon, ya dawo. Duk baƙi da fari ne, duk sun yi masa kama kamar zabi. Ya ji gumi yana bin bayansa a cikin wannan sanyi. Yarinya na kallon bakinsa. Da ya ga shirun zai yi yawa, sai ya miƙa yatsa ya nuna wanda ya fi girma da haske, ya ce, "Ga shi nan." Ta ɗauki hoto da wayarta, ta ɗora tafin hannu a gilashin, idonta ya ciko.

To, a bakin ƙofar ɗakin akwai wani tsoho da aka ajiye da masaƙarsa don ya riƙa nuna wa masu ziyara yadda ake yi. Ya ji abin da aka ce, sai ya tsayar da ƙoshiyar saƙarsa, ya tambayi wane gida ake nufi. Da aka faɗi sunan marigayin, ya shafa masa addu'a, sannan ya dogara sanda ya taso. Ya ce, "Yarinya, wannan na maƙwabtanku ne. Na kakanki ga shi can. Shekara tara na yi a ƙarƙashinsa, ni na naɗa zaren." Ya nuna wani ɗan ƙaramin zane a ƙarshen bango, shuninsa ya koɗe, da jan zare sili ɗaya tal a gefe. Wanda uban ya wuce sau biyu ke nan.

Kawu ya ce, da a ce tsohon ya yi faɗa, da abin ya zo da sauƙi, amma ko kallon banza bai yi ba. Yarinyar ma ba ta ɗago ta dubi ubanta ba, don kunyarsa take ji masa. Ta sunkuyar da kai ta goge hoton farko, ta ɗauki na gaskiya. Daga nan ta cire takalmi ta durƙusa a gefen tabarmar tsohon, tana tambayarsa labarin kakanta a hankali: dogo ne ko gajere, yana da faɗa, me yake cewa in zare ya tsinke. Tsohon yana ba ta amsa yana murmushi, wani wurin har ya kwaikwayi muryarsa. Uban yana tsaye jikin taga riƙe da jakarta, yana saurare, rabin abin da ake faɗa yau ya fara ji. Da aka kaɗa ƙararrawar tashi, tsohon ya raka su har bakin ƙofa. Ita ya sa mata albarka, ya kira ta jikar maigidansa. Shi kuwa ya ba shi hannu da mutunci, ba gatse ba komai, ya ce, "Baƙo, a sauka lafiya."

Hausawa dai sun riga sun faɗa: kowa ya bar gida, gida ya bar shi.