Kurar da Ta Tsallake Mai Garkuwa

Tunda kin ce gabanki na faɗuwa duk ranar da za ki raba wa mutanenki aiki mai wuya, zauna in ba ki wani misali. Wasu mutum huɗu ne suke haɗuwa kowace Asabar bayan la'asar, su kewaye tebur su yi wasan labari. Uku daga cikinsu kowa yana da jaruminsa a rubuce a takarda, da makaminsa, da yawan ran da ya rage masa, kowane sara yana rage wani abu. Na huɗun, wani malamin firamare, shi ke jan labarin, kuma duk abokan gaba a hannunsa suke: kuraye, 'yan fashi, dodanni. Ƙwayar lido ake jefawa a ga ko sara ya samu ko ya kuskure, da kuma rai nawa zai ci. Amma wanda za a kai wa saran, wannan malam ne kaɗai ke zaɓa. Ya kuwa san ƙa'ida sarai. Kura mai yunwa, na kusa da ita take kamawa, ɗan fashi kuwa, mai kwari da baka yake fara nema, dodo mai wayo ne kawai zai yi tunanin zagayawa baya.

Sanin ƙa'ida daban, bin ta daban. Mai garkuwa da ke tsayawa a gaba jarumin wan matar malam ne, mutumin da ko ido malam ba ya iya haɗawa da shi, balle ya sa kura ta yage shi. Mai kwari da baka na wani direba ne, wanda in aka taɓa jaruminsa sai ya miƙe tsaye, ya buɗe littafin dokoki, ya yi ta musu har a kira magariba. Na ukun tela ne, mutum mai sanyin hali. Jaruminsa mai magani ne, a baya yake tsayawa yana ɗaure wa sauran rauni. Shekara biyu yana renon wannan jarumi, har ɗan mutum-mutumi ya ɗinka masa da ragowar yadi, da 'yar jakarsa ta magani a kafaɗa. To, duk sanda faɗa ya tashi, sai malam ya bi 'yan wasan da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi surukinsa, kunya ta kama shi. Ya dubi direba, ya tuna masifa. Ya dubi tela, ya ga yana murmushi. Sai ka ji ya ce kibiya ta tafi wajen mai magani. Tela ya ɗauki fensir ya rage rai, ya ce ba komai. Malam ya koma gida yana gaya wa kansa ai dodannin ne suka zaɓa, ba shi ba. Ni dai ban taɓa ganin dodon takarda da ya san suruki ba.

Wata Asabar labari ya kai su wani ƙunƙuntaccen mashigi tsakanin duwatsu, kura ta tare hanya. Mai garkuwa yana gaba, jina-jina, rai biyu ya rage masa. Mai magani yana can baya, uku suka rage masa, don ya sha duka tun farkon tafiya. Kowa a teburin ya ga abin da kura za ta yi, ga nama a bakinta. Malam ya riƙe ƙwayar lido. In ya bi gaskiya, yau jarumin surukinsa zai mutu a hannunsa, kuma gobe akwai suna a gidansu, tabarma ɗaya za su zauna. Ya sake duban tela. Ya ce a ransa, wannan ai ba zai ji haushi ba, bai taɓa ji ba. Murya ƙasa-ƙasa ya ce kura ta daka tsalle, ta haye mai garkuwa, ta haye mai baka, ta dira kan mai magani. Malam ya jefa ƙwaya yana roƙon Allah ta ba da ɗaya ko biyu. Ta gangara, ta bugi kofin shayi, ta tsaya a kan shida. Ran mai magani ya ƙare ke nan.

Tela ya daɗe yana kallon takardarsa. Sannan ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihu tare da ɗan mutum-mutumin. Ya ce, “Malam, kurayen nan naka sun san mutane.” Ya yi wa kowa sallama da ladabi ya fita. Asabar ta zagayo, kujerarsa ba kowa. Wata ta sake zagayowa, haka. Malam ya kasa sukuni, ya bi shi har shago, yana fatan ya tarar da fushi, don fushi ana iya ba shi haƙuri. Tela ya tarbe shi da fara'a, ya ba shi kujera, ya aika aka kawo ruwan sanyi. Da malam ya fara kame-kame, sai ya ce, “Haba, ba komai, wasa ne ai.” Ya mai da kansa kan keke ya ci gaba da ɗinki. Malam ya zauna yana jin ƙarar keken, ya tuna cewa wannan “ba komai” ɗin ce ya yi shekara biyu yana jingina da ita. Tela bai ƙara taka ƙofar gidan wasan ba.

Saboda haka gobe, in kin ɗauki biro za ki rubuta wanda zai yi aikin da kowa ke gudu, ki lura da sunan da hannunki ya fi saurin zuwa, ki tambayi kanki dalili. Hausawa sun riga sun faɗa: inda fata ta fi taushi, nan ake mai da jima.