Katakon Hawa Na Uku

Wata biyu da naɗa Dogo shugaban ma'aikata a wurin ginin bene, sai da kowa ya san an yi sabon sarki. Ƙato ne, yana ɗaukar buhun siminti biyu kamar matashin kai. Yanzu kuma ga iko: wanda ya ce ya tafi, ya tafi ke nan.

Abin da ya fi so a duniya shi ne finafinan jaruman nan masu tashi sama suna ɗaga motoci. Ran nan suna kallo, matarsa ta ce, "Kai dai naushin kake gani. Ba ka lura mutumin nan ba ya amfani da ƙarfinsa sai don ya tsare wani ba?"

Ya yi dariya. "Ke dai miƙo min ruwa."

Wata safiya, tsohon magini, wanda ya koya wa Dogo sana'a, ya ja shi gefe. "Ɗana, katakon da ake takawa a hawa na uku ya tsage. A jira sabo."

Dogo ya ga ma'aikata sun ji, sun zuba masa ido. Maimakon ya je ya duba, sai ya ɗaga murya. "Baba, tsoro ne ya kama ka. Nan magana ɗaya ake yi, tawa. Wanda ba zai hau ba, ga hanya!"

Babu wanda ya motsa. Sai ƙanen Dogo da ke aiki a wurin, uwa ɗaya uba ɗaya, magidanci mai 'ya'ya biyu, ya saɓa bulo ya hau. Taku huɗu ya yi, katakon ya karye, ya faɗo ƙasa.

Likita ya ce ƙashin baya ne, ba zai sake tafiya ba.

Dogo ya durƙusa gaban gadon asibiti yana kuka. "Me ya kai ka? Ba ka ji abin da Baba ya ce ba?"

"Na ji, Yaya," in ji ƙanen a hankali. "Ban so a ce ka yi magana a gaban mutane an ƙi ji ba."

Dogo ya ajiye aikin. Yau shekara uku, kowace safiya shi ke goya ƙanensa zuwa banɗaki, mahaifiyarsu tana kau da kai tana share hawaye.

Jama'a, duk ikon da aka ba ku amana ne. Idan kuka yi wasa da shi, wanda ya fi ƙaunarku shi zai fara faɗuwa.